Ma'aikatan kamfanoni ma suna da 'yancin kafa ƙungiya

Wani labari da na karanta ya yi bayanin 'yancin kafa ƙungiyar ƙwadago, amma duk a kan ma'aikatan gwamnati ya tsaya. Mu a Kebbi, ina labarin masu aiki a injinan casar shinkafa da malaman makarantun kuɗi? Sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya ba da wannan 'yanci, bai ware kowa ba, sai dai wanda ya fara zancen ƙungiya shi ake fara sallama. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 na 2024 ma sai da ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, ta matsa aka samu, kuma dokar albashin ba ta shafi wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Shugabannin ƙwadago, don Allah ku leƙa Argungu da Yawuri.