An saki burauzojin ƙirƙirarriyar basira tun ba su nuna ba

A watan Yulin 2025 kamfanin Perplexity ya fitar da burauzarsa, wato manhajar buɗe shafukan intanet, mai suna Comet, sannan a ranar 21 ga Oktoba kamfanin OpenAI ya biyo baya da ChatGPT Atlas, wadda aka fara bai wa masu kwamfutar Mac kaɗai. Dukansu biyun a kan Chromium aka gina su, wato ginshiƙin da Chrome da Edge suke kai, don haka wajen buɗe shafi ko kallon bidiyo babu wani sabon abu. Abin da ya bambanta su shi ne ƙirƙirarriyar basirar da aka saka musu, wadda ke iya karanta shafi, ta danna maɓalli, ta cike fom, ta leƙa akwatin imel, duk a madadin mai ita. A ganina wannan ɓangaren an miƙa shi ga jama'a tun bai nuna ba, kuma aibin da ya sa na faɗi haka masana tsaron intanet sun san shi tun kafin a fitar da ko ɗaya daga cikinsu.

Ba ina cewa sai manhaja ta rabu da kowane kuskure kafin a sake ta ba, domin babu irin wannan manhajar. Lokacin da Google ya fitar da Chrome na gwaji a watan Satumban 2008, ba a daɗe ba aka gano wata kafa ta tsaro da ya gada daga tsohon zubin WebKit, injin nuna shafuka da aka gina shi a kai, aka toshe ta, aka ci gaba. A 2021 kuma kamfanin ya koma fitar da sabon zubi duk mako huɗu. Gyara bayan fitarwa ya zama al'adar sana'ar, kuma ban ga laifinsa ba. Tambayar da ta dace ita ce wane irin aibi ne ya rage a ranar fitarwa, kuma wa zai yi asara idan ya bayyana.

Tarihin burauza ya riga ya nuna abin da gaggawa ke jawowa. A 1998 kamfanin burauza na Netscape, wanda burauzar Internet Explorer ta Microsoft ke ta ƙwace wa kasuwa, ya buɗe asalin rubutun manhajarsa ga kowa, sannan ya ajiye tsohon injinsa ya koma gina sabo mai suna Gecko. Aikin ya ja lokaci har aka tsallake zubi na biyar gaba ɗaya, kuma a watan Nuwamban 2000, ƙarƙashin mallakar kamfanin AOL, aka fitar da Netscape 6 alhali aikin Mozilla da aka ɗebo shi daga ciki bai kai zubinsa na farko ba sai a watan Yunin 2002. Burauzar ta fito da nauyi, tana jinkirin buɗewa, tana yawan tsayawa cak, kuma da yawa daga waɗanda suka gwada ta ba su sake waiwayar ta ba ko da aka gyara ta. Sauri ya haifi nawa, domin injin kansa ba shi da laifi: shi ne ya ɗauki Firefox da ta fito a watan Nuwamban 2004 ta samu karɓuwa. Microsoft ma ya fitar da Edge ta farko tare da Windows 10 a watan Yulin 2015 ba tare da damar saka ƙananan manhajojin ƙari ba, sai bayan shekara guda aka kawo ta, kuma a ƙarshen 2018 ya sanar cewa zai watsar da injinta ya koma Chromium.

Sai dai a waɗannan misalan kamfanin ne ya fi yin asara. Mai amfani ya ji haushi, ya rufe, ya koma wa burauzar da ya saba da ita. Abin da ke gabanmu yanzu daban ne, kuma a nan ne damuwata take.

Tun tsakiyar shekarun 1990 akwai wata ƙa'ida da tsaron burauza ya dogara a kanta: shafi ɗaya ba ya iya karanta abin da ke cikin wani shafin na daban. Shi ya sa mutum zai buɗe shafin bankinsa a gefe guda, ya buɗe wani shafin da bai san mai shi ba a ɗaya gefen, ba tare da na biyun ya ga komai na farkon ba. Ita kuwa ƙirƙirarriyar basirar da ke aiki a madadin mutum tana tsallaka wannan katangar ne da izininsa, tana shiga duk inda ya riga ya shigar da kalmar sirrinsa. Matsalar ita ce ba ta iya tantancewa, a kowane lokaci, tsakanin umarnin mai ita da rubutun da ta tarar a shafi, domin dukansu kalmomi ne da ke shigo mata ta hanya ɗaya. Tamkar ɗan aike ne da aka damƙa wa makullan gida, amma duk wanda ya tare shi a hanya ya ba shi saƙo yana iya ɗaukarsa a matsayin maganar maigida.

A watan Agustan 2025 masu binciken tsaro na kamfanin Brave sun nuna yadda hakan ke faruwa a Comet. Sun ɓoye umarni a cikin wani tsokaci a dandalin tattaunawa na Reddit, sannan suka nemi burauzar ta taƙaita shafin, aikin da ba shi da wata alamar haɗari. Sai ta bi ɓoyayyen umarnin: ta nemo adireshin imel da ke asusun Perplexity na mai amfani, ta sa aka turo lambar tabbatarwa, ta shiga Gmail ta karanto lambar, ta rubuta su a inda mai kutsen zai gani. Gaskiya ne Brave abokin gasa ne a wannan kasuwar, amma hakan bai rage komai daga abin da aka nuna ba, kuma mai amfani bai danna wata baƙuwar mahaɗa ko ya sauke wani fayil ba.

Masu kare kamfanonin suna da hujja, kuma ban raina ta ba. OpenAI bai ɓoye matsalar ba. Jami'in tsaronsa ya amsa a fili, bayan fitar da Atlas, cewa wannan nau'in kutse matsala ce da ba a warware ba tukuna, kuma an tanadi yanayin da basirar za ta yi aiki ba tare da shiga asusun mutum ba. Suna kuma cewa ba a gane dabarun masu kutse a ɗakin gwaji, sai an fita fili. Amma faɗin gaskiya game da aibi ba ya cire aibin. Wanda ya karanta gargaɗin ya fahimce shi yawanci shi ne wanda dama ya san haɗarin, alhali wanda aka yi wa tallar cewa burauza za ta yi masa sayayya ta amsa masa saƙonni ba zai ga dalilin fita daga asusunsa ba, tunda amfanin da aka yi masa alkawari a cikin asusun yake. Idan kuma darasi ake nema daga fili, to da imel da asusun mutanen da ba su san gwaji ake yi da su ba ake biyan kuɗin karatun.

Dalilin gaggawar ba ɓoyayye ba ne. Chrome na riƙe da kusan kashi biyu cikin uku na kasuwar burauza a duniya, kuma wanda ya mallaki burauza shi ke tsaye a ƙofar da mutane ke shiga intanet. A watan Agustan 2025 Perplexity ya yi tayin sayen Chrome a kan dala biliyan 34.5, kafin wata kotun Amurka ta yanke a watan Satumba cewa ba za a tilasta wa Google sayar da ita ba. Wanda ba shi da burauza dole ya saya ko ya gina tasa, kuma kowa na tsoron a riga shi.

Da an fitar da waɗannan burauzojin da damar karanta shafi da amsa tambaya kawai, aka bar aiki a madadin mutum a wani keɓaɓɓen wuri da ba ya taɓa imel ko banki, da ban yi wannan ƙorafin ba. Abin da nake so hukumomin kare masu saye su fara dubawa shi ne sharuɗɗan amfani, domin al'adar kamfanonin manhaja ita ce su rubuta cewa sun ba da kayansu yadda yake, ba tare da lamuni ba. Wannan sharaɗin an tsara shi ne a zamanin da mutum ke danna kowane maɓalli da hannunsa, kuma bai kamata a bar shi ya rufe ɓarnar da manhaja ta yi da sunan mutum bisa umarnin wani baƙo ba.