Ni da cibiyata ta Ƙofar Mata

Wallahi har yanzu in na tuna sai in ji fuskata ta yi zafi.

Kun dai san zaurenmu na WhatsApp, na 'yan kasuwar Mile 12 da ke Legas. Rigimar sarautar Kano ce ta tashi, tun daga raba masarauta gida biyar a 2019, da tuɓe Sanusi a 2020, har dawo da shi a 2024. Basakkwace na zuba, Bakatsine na zuba. Na ce bari in kashe bakin kowa.

Na danna saƙon murya, na gyara maƙogwaro kamar sanƙira: "Jama'a, ku fara sanin wa ke magana. Ni Bakano ne gaba da baya, ɗan Ƙofar Mata, a bakin marina aka binne cibiyata. Tun ina goye nake kallon Hawan Daushe, ranar da Sarki ke zuwa gaida Gwamna."

Minti uku cur. Kuma a cikin danfo nake, kwandasta na ta ihun "Ketu! Ojota!" a kaina, har aka ji na ce masa "Oya, canjina."

Ashe Kawu na cikin zauren. Mutumin da bai taɓa cewa uffan ba. Sai ga nasa saƙon, a natse, kamar mai rabon gado:

"Salamu alaikum. Yaron nan a nan Legas, a Agege, aka haife shi, bayan layin dogo. Ni na sayo ragon sunansa a Alaba Rago. Cibiyar kuwa, in ba a yi gini a kanta ba, tana nan Zango. Sau biyu ya je Kano, na biyun tun daga Jebba yake amai. Sannan ɗana, a Daushe Mai Babban Ɗaki, mahaifiyar Sarki, ake gaisarwa, ta Gwamna Hawan Nasarawa ce. Allah ya yi maka albarka."

Albarkar nan ta fi komai yi min ciwo. Dole na rubuta "Amin Kawu."

Amma Dogo mai albasa ne ba zan yafe wa ba. Sitika tara ya turo a jere, wancan jaririn mai birgima da dariya. Mutumin da nake bi kuɗin kwando biyu na tattasai tun azumi, kullum "sai mota ta sauke." Data kuwa bai taɓa rasawa ba. Jiya na wuce rumfarsa ya miƙe ya dunƙule hannu: "Ranka ya daɗe, Sarkin Marinan Agege!" Har Iya mai tumatir, da ba ta jin Hausa, ta taya shi dariya.

Na fita daga zauren dai. Da Magariba suka mayar da ni.