Procrastination ɗin da kuke taƙama da shi, "sai gobe" ne kawai

Tun jiya raina yake a ɓace da bidiyon wani matashi mai koyar da "sarrafa lokaci". Wai Hausa ba ta da kalmar procrastination, shi ya sa Bahaushe bai ma san yana da cutar ba. Kuma har mutane suna ta tura shi suna cewa gaskiya ne!

Malam, ka san asalin kalmar da kake tauna kuwa? Daga Latin take. Pro na nufin gaba, cras na nufin gobe. Tura abu zuwa gobe, shi ke nan. Sai gobe. Abin da tela yake faɗa maka ana saura kwana uku Sallah, shi Bature ya aro daga Rumawa a ƙarni na 16 ya sa masa babbar riga. Ina abin da ya gagari Hausa a nan? Muna da jinkiri, muna da jan ƙafa, muna da nawa, muna da shiririta, kowacce da irin mutumin da ake jifa da ita.

Ku duba adjourn da ake yi mana a kotu. Daga Faransanci ta shiga Turanci, jour ɗin cikinta rana ce, 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suna faɗin ta kullum cikin gaisuwar bonjour. Asalinta sa rana. In alƙali ya ƙara da sine die, Latin ne kuma, ma'anarsa babu rana. Mu tuni muka ce sai baba ta gani, kuma wallahi tamu ta fi tasu nuna zafin abin. Gwaggona ta shekara biyu tana jeka-ka-dawo a kan gonar marigayi mijinta. Ba ta jin Turanci, amma babu ɗagewar da ba ta fassara daidai ba tun kafin lauya ya buɗe baki.

Na san za a ce ai su Turawa sun ba abin suna don su yaƙe shi. Ku bar wannan zancen. A majalisar dattawan Amurka jan ƙafa har gurbi yake da shi a ƙa'ida, sunansa filibuster. Kalmar ta samo asali daga vrijbuiter ta mutanen Holan, wato ɗan fashin teku, ta biyo ta Sifaniyanci. A 1957 Sanata Strom Thurmond ya tsaya yana magana awa 24 da minti 18 don kawai ya hana dokar kare haƙƙin baƙaƙen fata wucewa. Wane Bahaushe ne ya koya masa?

Ban ce ba mu da laifi ba. Ana kiran taro ƙarfe goma a fara bayan Azahar, kuma yana ci mini rai ƙwarai. Amma a yi mana faɗa a kan halinmu, a daina ɗora wa harshenmu talaucin da ba shi da shi. Yaranmu suna kallon irin bidiyon nan, suna tashi da jin kunyar bakin iyayensu. Wannan ne ya hana ni barci.

Af, har go-slow ma da muke kiran cunkoson motoci, a Ingila sunan wani salon bore ne, ma'aikata su zo aiki amma su riƙa yin sa a hankali da gangan. Mu muka ɗauke shi muka ɗora a kan titi. A cikinsa ma nake rubuta wannan, kusan awa guda ke nan ko taku goma motarmu ba ta matsa ba.