Kocin rayuwa: masu nasiha sun ishe mu, mai tambaya muke nema

A garin Kaduna ba a rasa mai ba da shawara. Ka ce kasuwa ta tsaya, kafin ka rufe baki mai shayi ya gaya maka abin yi, direban Keke Napep ya ɗora nasa, a majalisa kuwa kowa gwani ne a kan matsalar wani. Wanda ya yi mana ƙaranci shi ne mai yin shiru ya saurare ka har ka kai aya, sannan ya jefo maka tambayar da za ta hana ka barci. Aikin wanda ake kira kocin rayuwa ke nan idan na gaske ne, kuma saboda wannan kaɗai nake ganin bai kamata mu yi wa sana'ar dariya ba.

Ni ma da dariyar na fara. Ƙanina tela ne a Tudun Wada, ba nisa da Kasuwar Barci. Shekara da shekaru kukansa ɗaya ne: babu wuta, man janareta ya yi tsada, yaran shago ba sa zama, masu kaya ba su da haƙuri. Duk Sallah sai an yi cacar baki a ƙofar shagonsa, wata shekarar har wata mata ta kwashe atamfofinta a yanke ba a haɗa ba. Da ya ce mini zai riƙa zama da wata mata mai wannan aikin, awa ɗaya duk mako biyu, kuma biya zai yi, sai na ce, "Kai dai kuɗi ne suka yi maka yawa. Zo in ba ka shawara kyauta." Ya ce, "Yaya, shekara nawa kana ba ni?"

Ita ko shawara ɗaya ba ta ba shi ba. Cewa ta yi ya sayi ɗan littafi, duk ɗinkin da ya karɓa ya rubuta ranar da ya faɗa wa mai kaya, a gefe kuma ranar da shi a ransa ya san zai gama. Da suka sake zama, ranakun nan biyu ba su haɗu a layi ko ɗaya ba. Ta ce, "Malam, lokacin da kake cewa Alhamis in sha Allahu, me kake gudu?" Ya ce mini ya daɗe yana kallon ƙasa. Ashe kunya ce. Ba ya iya duban idon babba ko maƙwabci ya ce ba zan iya ba. Wuta tana da nata laifin, amma ba ita ke karɓar kaya talatin alhali ashirin kekensa zai iya ba.

Daga filin wasa dabarar ta samo asali. Timothy Gallwey, mai koyar da wasan tanis a Amurka, ya lura cewa yawan umarni rikita ɗalibi yake yi, amma idan ka sa shi ya lura da yadda ƙwallo ke tahowa da abin da hannunsa ke yi, sai ya gyara da kansa. Ya rubuta hakan a 1974. John Whitmore, tsohon direban tseren mota ɗan Ingila, ya kai tunanin cikin ma'aikatu, a 1992 kuma ya yaɗa tsarin tambayoyi huɗu: me kake so, ina kake yanzu a zahiri, waɗanne hanyoyi gare ka, wanne za ka yi kuma yaushe? Ta biyun ce mai zafi, domin nan ne mutum ke cin karo da ƙaryar da ya daɗe yana yi wa kansa.

Wani zai ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Haka ne. Sai dai wanda ya shekara goma da yoyo yakan tara roba a wurin, har ya manta rufin ne ya ɓule. Kuma abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Mun taso muna jin maganar da ake jingina wa Sayyidina Umar, cewa ku yi wa kanku hisabi kafin a yi muku. Koci bai zo da sabon ilimi ba. Ranar zama yake sa wa hisabin, ya zauna a gabanka don kada ka zille.

Inda nake da ja shi ne kasuwar da ta buɗe. Ba a neman lasisi kafin mutum ya kira kansa koci, don haka duk mai waya da bakin magana ya buɗe shafi a Facebook ko TikTok yana sayar da "canjin rayuwa cikin kwana bakwai". Ƙungiyar masu wannan sana'a ta duniya, ICF, wadda Thomas Leonard ya kafa a Amurka a 1995, ba ta ba da ko mafi ƙanƙantar shaidarta sai mutum ya yi awa 60 na horo da awa 100 na zama da mutane. Ka tambayi naka inda ya koya. Idan kuma a zamanku ya fi ka yawan magana, mai talla ka samu.

Akwai ma wanda ya fi wannan muni, mai cewa talauci a tunani yake. In ya isa, ya je Kakuri ya faɗa wa waɗanda masaƙar KTL ta rufe a kansu a 2002. Haka nan wanda ya daina cin abinci, barci ya ƙaurace masa, yana jin gara ya mutu, likita yake bukata, kuma ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa. Kocin kirki da kansa zai tura shi can.

Ƙanina dai har yanzu yana kukan wuta. Amma azumin da ya wuce, ran goma ga wata ya manna takarda a ƙofa: an rufe karɓar ɗinki. Ran sha biyar na je da shaddata a leda, ina taƙama da cewa ni wansa ne. Ya gaishe ni har ƙasa, ya aika yaro ya sayo mini kankana ta buɗa baki, sannan ya dubi idona ya ce, "Yaya, sai bayan Sallah."