Wa ya biya kuɗin labarin da kake saurara?

A watan Maris na 2025 sashen Hausa na Muryar Amurka ya yi tsit. Shugaba Donald Trump ne ya sa hannu a wani umarni da ya karya ƙashin bayan hukumar da ke ɗaukar nauyin tashar, aka ce ma'aikata su zauna a gida. Shirye-shiryen da mutanen Kano da Maraɗi da Kumasi suka saba ji tun 1979 suka ɗauke, ba a nemi shawarar mai sauraro ko ɗaya ba.

Masu cewa kafafen waje 'yan amshin shatan iyayen gidansu ne sun sami abin kafa hujja, kuma akwai gaskiya a maganarsu. Gwamnatin Jamus ce ke ba DW kuɗi. RFI, wadda ta buɗe sashen Hausa a 2007, ta gwamnatin Faransa ce. BBC Hausa da aka fara a 1957, ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya ce ta riƙa biyan kuɗinta har zuwa 2014, kuma har yau akwai tallafin gwamnati a ciki. Ga Sin, ga Iran, ga Turkiyya da ta shigo da TRT Afrika a 2023. Babu ƙasar da za ta kwashi harajin talakawanta ta zuba a shirin Hausa don neman lada. Ko jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da muke tinƙaho da ita, Turawan mulkin mallaka ne suka kafa ta a Zariya a 1939, shekarar da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, kuma sun san abin da suke so mai karatu ya ɗauka.

Son kai a irin waɗannan tashoshi ba kasafai yake zuwa da ƙarya ƙiri-ƙiri ba. Yana ɓuya ne a zaɓi: wane labari aka sa a gaba, wa aka buga wa waya, wa aka ba minti uku, wa aka katse a tsakiyar magana. Ka saurari tashar Tehran tana maganar 'yan Shi'ar Zariya, ko ta Beijing tana maganar bashin da ƙasashen Afirka ke ci, za ka ji inda aka danna da inda aka zille.

To amma me ya sa duk da haka, ƙarfe takwas da rabi na dare, za ka tarar da majalisa a teburin mai shayi an kasa kunne ga Landan? A ganina amsar tana gida, kuma ita ce ba mu son taɓawa.

Kunna gidan rediyon jiharka, kowace jiha ce. Gwamna ya ƙaddamar, gwamna ya yi kira, uwargidan gwamna ta raba. A yi kashe-kashe a ƙauyen da bai fi tafiyar awa biyu ba, ba za ka ji ba sai kwamishina ya je jaje. Da aka buɗe wa 'yan kasuwa ƙofar kafa gidajen rediyo da talabijin a Najeriya a 1992, aka sami irin su Freedom Radio a Kano a 2003, talaka ya sami bakin magana, wannan ba a musu. Sai dai fili na sayarwa ne. Sojojin baka su zo da kuɗin ubangida su zage abokin hamayya na minti biyar, mai sauraro kuwa ba kullum ake gaya masa cewa talla yake ji ba. Wakilin da aka yi wata da watanni ba a biya shi albashi ba, yana tsaye a bakin ƙofa bayan taron manema labarai yana jiran kuɗin mota. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa, an san abin da ya hau kansa.

Wanda ya ƙi sayuwa, a nuna masa sanda. A 2020 hukumar NBC mai sa ido kan gidajen rediyo da talabijin ta ci tarar Channels da AIT da Arise naira miliyan uku-uku kan zanga-zangar EndSARS. A 2022 ta ci Trust TV naira miliyan 5 saboda shirin da ta yi kan 'yan bindiga, alhali mutanen Zamfara sun daɗe da sanin duk abin da aka nuna. Sai a 2023 babbar kotun tarayya a Abuja ta ce hukumar ba ta da hurumin cin tara. A Agustan 2025 gwamnan jihar Neja ya ba da umarnin rufe Badeggi FM a Minna.

Makwabtanmu na Nijar sun ɗauki wata hanya. Kwanaki kaɗan bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka dakatar da RFI da France 24, sannan a Disambar 2024 aka dakatar da BBC na wata uku kan rahoton wani hari da aka kai wa sojoji. Na fahimci fushin da ake yi da Faransa, yana da tarihi. Amma toshe tasha ba ya sa mutum ya yarda da ta gwamnati. WhatsApp yake komawa, inda wata murya marar suna za ta ce "jama'a a tura don Allah", babu edita, babu wanda za a tuhuma gobe. Hannun waje kuwa a can ya fi sakewa. A Disambar 2020 Facebook ya goge tarin shafukan bogi da ke yaɗa farfaganda a Afirka ta Tsakiya da Mali da wasu ƙasashen Sahel, wasu suna da alaƙa da Rasha, wasu da mutanen da ke da alaƙa da sojan Faransa. Ɓangarorin biyu suna shigar burtu, suna rubutu kamar 'yan ƙasa.

Shi ya sa ban damu ƙwarai da cewa tasha tana da ubangida ba, don babu wadda ba ta da shi. Abin da nake so in sani shi ne ko an faɗa mini sunansa, da ko tashar tana iya ba da labarin da zai ɓata masa rai, da ko tana fitowa ta gyara idan ta yi kuskure. Ubangidan DW da na BBC a rubuce yake, kowa na iya dubawa. Na shirin siyasar da ake sawa bayan sallar isha'i a garinmu fa?

Gyaran farko bai buƙatar sabuwar doka. Duk shirin da aka saya, a faɗi wanda ya saya a farkonsa da ƙarshensa, da sunansa na gaskiya, ba "wasu masu kishin jiha" ba. Ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ kuma ta fara wallafa sunayen gidajen da ba sa biyan albashi, tun kafin kakar zaɓen 2027 ta kankama kuɗin fili ya ninka.