Ba laifin birawuza ba ne

A ofisoshin Abuja, in shiga sau ɗaya (tsarin da ake sa kalmar sirri sau guda a shiga duk manhajojin ofis) ta ƙi aiki, akwatin kalmar sirri ya yi ta fitowa, sai a ce birawuza ce ta lalace. Galibi ba nan matsalar take ba. In akwai na'urar raba lodi (mai rarraba buƙatun masu shiga) a gaban sabobi, wato kwamfutocin da ke ɗauke da shafin, birawuza na neman tikitin Kerberos (shaidar da ke tabbatar da ko wane ne mai shiga) ne da sunan da ke adireshin, ba sunan kowace saba ba. Dole a yi wa sunan nan rajistar SPN (sunan da Kerberos ke gane sabis da shi) a asusu guda, duk sabobin su riƙe makullin asusun. In ɗaya kaɗai ke da shi, ita za ta karɓa, sauran su mayar da 401, lambar da ke nuna ba a tantance mai shiga ba. A duba agogo ma: saɓanin da ya wuce minti 5 tsakanin agogon kwamfuta da na saba kan sa a ƙi tikitin.