Lambar shekaru tana jikin kwali, yaron bai taɓa ganin kwalin ba

A watan Disambar 1993 wasu sanatocin Amurka biyu, Joe Lieberman da Herb Kohl, suka kira shugabannin kamfanonin wasannin bidiyo gaban kwamitin majalisar dattawa, aka kunna musu Mortal Kombat a bainar jama'a. Wasan faɗa ne tsakanin mutum biyu, sai dai wanda ya yi nasara yana iya fizge kan abokin karawarsa har da ƙashin bayansa, jini na tsartuwa. Sanatocin ba su yi wani kwana-kwana ba. Suka ce ko dai kamfanoni su fito da hanyar sanar da iyaye abin da ke cikin kayansu, ko gwamnati ta yi musu. Kafin shekara ta zagayo, a 1994, kamfanonin suka kafa hukumar ESRB, wadda har yau take buga harafi a jikin kowane kwali: E na kowa da kowa, T daga shekara 13, M daga 17, AO na manya zalla. Turai ta biyo baya a 2003 da tsarin PEGI, wanda ya fi sauƙin ganewa tunda lamba ce kawai: 3, 7, 12, 16 ko 18.

Shekara talatin da ɗoriya ke nan ana muhawara a kan abu biyu da mutane ke yawan cuɗa su wuri ɗaya. Ɗaya shi ne ƙayyade shekaru, wato a faɗa wa uba cewa wannan wasan akwai yanka a ciki, bai dace da ɗan shekara goma ba. Ɗaya kuma tacewa ne ko haramtawa, wato hukuma ta yanke wani ɓangare na wasan ko ta hana shi shiga ƙasa gaba ɗaya, ko da mai saye yana da furfura. Ni ina goyon bayan na farko, kuma ban yarda da na biyu ba. Amma abin da ya fi damuna shi ne ko na farkon ma an gina shi ne a kan kanti da mai kanti, kuma su biyun sun kusa fita daga harkar.

Masu son a haramta suna kafa hujja da cewa wasan kisa yana koya wa yaro kisa. Magana ce mai shiga kunne, musamman bayan wata musiba. Da wasu ɗalibai biyu suka buɗe wuta a makarantar Columbine da ke Amurka a watan Afrilun 1999, aka gano suna buga wasan harbi mai suna Doom, sai aka ce to, biri ya yi kama da mutum. Da wani matashi ɗan shekara 19 ya kashe mutum 16 a tsohuwar makarantarsa da ke Erfurt a Jamus a 2002, a shekarar da ta biyo baya ƙasar ta mayar da lambar shekarun hukumarta ta tantance wasanni, USK, wajibi a doka. A watan Agustan 2019 ma, bayan harbe-harben biranen El Paso da Dayton na Amurka, Donald Trump ya ambaci wasannin bidiyo cikin abubuwan da ya ɗora wa laifi. Kantin Walmart ya sauke allunan tallar wasannin harbi a lokacin, amma bindigogin gaske suna nan a kan kanta ana sayarwa. Idan wannan ba barin jaki a dawo ana dukan taiki ba ne, ban san mene ne ba.

Masu bincike sun daɗe a kan wannan tambaya, kuma abin da suka samu bai kai girman zargin ba. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta fitar da matsaya a 2020: akwai 'yar alaƙa tsakanin irin waɗannan wasanni da zafin kai na yau da kullum, kamar daka tsawa ko ture wani, amma babu isasshiyar hujjar da za a jingina musu ta'asa irin ta kisa. Wani binciken jami'ar Oxford na 2019 a kan matasan Birtaniya kimanin dubu, 'yan shekara 14 da 15, bai ga alaƙar ba ma, kuma ya tambayi iyayen yaran ne game da halinsu, bai tsaya ga abin da yaran suka faɗa da bakinsu ba. Ga kuma abin da ido ke gani: Japan da Koriya ta Kudu suna cikin ƙasashen da suka fi kowa buga gem a duniya, kisa da bindiga kuwa a can abu ne da ba kasafai ake jin sa ba.

Kotun Ƙolin Amurka ta duba wannan hujja a 2011. Jihar Kalifoniya ta yi doka a 2005, wadda gwamna Arnold Schwarzenegger ya sa wa hannu (mutumin da ya yi suna da harbe-harbe a fim, abin dariya), tana cin tarar dala 1,000 ga duk wanda ya sayar wa ƙaramin yaro wasan tashin hankali. Alƙalai bakwai cikin tara suka soke ta. Alƙali Antonin Scalia, wanda ya rubuta hukuncin, ya ce wasan bidiyo yana da kariyar faɗin albarkacin baki kamar littafi da fim, kuma jihar ta kasa nuna cewa wasan ne ke jawo ɓarnar. Ba dole ne sauran duniya ta bi Amurka a kan 'yancin magana ba, kuma Birtaniya ba ta bi ta ba, domin tun 2012 laifi ne a can a sayar wa yaro wasa mai lamba 12, 16 ko 18 idan bai kai ba. Wannan ban ga aibunsa ba. Dokar Birtaniya ba ta hana kowa yin wasa ko buga shi ba, mai kanti kawai ta ɗora wa nauyi.

Inda aka bi hanyar almakashi kuwa, sakamakon yakan zama abin ban haushi ko ban dariya. Jamus ta shafe shekaru ana sayar da wasannin da aka mayar da mutane mutum-mutumi, jini ya koma kore, alhali makwabciyarta Ostiriya tana sayar da na asali cikin harshe ɗaya, kuma gidan waya yana aiki. Ostareliya ta zauna har ƙarshen 2012 ba ta da ajin manya a wasanni, iyakarta ajin 'yan shekara 15. Duk wasan da ya wuce nan sai a hana shi. Sai kamfanoni suka koma rage ɗan wani abu su cusa wasan manya cikin ajin 'yan 15, wasu lokuta ma ya shige a haka. An yi gudun gara an faɗa gidan zago: dokar da aka yi don kare yara ita ta riƙa miƙa musu kayan da a Turai aka buga wa 18. Sai a ranar 1 ga Janairun 2013 suka buɗe ajin R18+.

Akwai wani haɗarin da ba a cika faɗa ba. Almakashin da aka ba hukuma don ta yanke jini ba ya tsayawa a kan jini. China ta haramta wani wasan dabarun yaƙi mai suna Hearts of Iron a 2004 saboda taswirarsa ta nuna Tibet a matsayin ƙasa mai cin gashin kanta, ta hana Battlefield 4 a 2013 da hujjar tsaron ƙasa. A 2019 aka maye gurbin wasan harbi na PUBG a can da wani mai kama da shi, inda wanda aka harbe yake ɗaga hannu ya yi ban kwana maimakon ya faɗi matacce. Harbin yana nan, gawar ce aka ɓoye. Indiya ta rufe PUBG na waya, wanda wani kamfanin China ke tafiyarwa, a watan Satumbar 2020, watanni kaɗan bayan sojojinta sun yi arangama da na China a kan iyaka, kuma dalilin da ta bayar bayanan jama'a ne da tsaro. A 2021 wasan ya dawo da sabon suna. Majalisar Iraƙi da hukumomin Jodan sun hana shi a 2019, Pakistan ta dakatar da shi a watan Yulin 2020 ta kuma buɗe kafin watan ya fita. Matashin da ya iya sa VPN, manhajar da ke tsallake katangar intanet, ko a jikinsa.

Kada a ɗauka ina cewa wasannin nan ruwan sanyi ne. Rashin hujjar cewa wasa na mayar da yaro makashi ba ya nufin ya dace ɗan shekara takwas ya kwana yana kallon ana datse wuya. Muna hana yara abubuwa da yawa ba tare da jiran masana su tabbatar mana za su zama 'yan fashi ba. Kunya, tarbiyya, barci mai daɗi, harshen da yaro zai ɗauka, duk dalilai ne masu zaman kansu. Grand Theft Auto V, wanda ya fito a 2013 kuma an sayar da fiye da miliyan 200, lambarsa 18 ce a Turai, kuma akwai wurin da mai wasa da hannunsa yake azabtar da wani mutum da aka ɗaure. Uban da ya san haka ya hana ɗansa bai yi tsauri ba. Aikin lambar ke nan, ta sa ya sani.

Kuma inda akwai mai tsaron ƙofa, lambar ta yi aiki. Hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta sha tura yara su gwada saye a ɓoye. A 2000, kashi 85 cikin ɗari na yaran sun sayi wasa mai harafin M ba wanda ya ce musu uffan. A rahotonta na 2013 adadin ya sauko zuwa kashi 13. Babu dokar da ta tilasta wa kantunan, su suka ɗora wa kansu tambayar katin shaida.

Sai dai wannan nasara ta zamanin faifai ce. Yau wasa yana saukowa ne kai tsaye cikin waya, kyauta, da tsakar dare. Lambar tana nan a Play Store, 'yar ƙarama a ƙarƙashin suna, kuma tun 2015 mai wasan ne da kansa yake cike takardar tambayoyi, na'ura ta fitar masa da lambar. Wa zai duba fuskar mai saukewa? Koriya ta Kudu ta gwada hana 'yan ƙasa da 16 buga wasan intanet daga sha biyun dare zuwa shida na safe tun 2011. Yara suka riƙa shiga da lambar shaidar iyayensu, sannan suka koma waya wadda dokar ba ta shafa ba, a 2021 gwamnati ta haƙura ta sanar da soke ta. China ta taƙaita wa 'yan ƙasa da 18 awa uku a mako tun Agustan 2021, amma sai da ta haɗa da rajistar sunan gaskiya, wasu kamfanoni har da na'urar gane fuska. Wanda yake sha'awar wannan tsari ya tuna kuɗin da ake biya da sirrin kowa, babba da yaro.

A nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Hukumar tace fina-finai ta ƙasa da aka kafa a Najeriya a 1993, da ta jihar Kano da ta zo a 2001, saboda fim aka kafa su, kuma suna da wanda za su kama: furodusa yana da ofis, ɗan wasa yana da gida. Wanda ya yi wasan waya na Free Fire yana Singapore. Yaron Fagge ko na Zinder bai taɓa riƙe kwalin wasa ba. Abokinsa ne ya tura masa ta Xender, ko mai shagon caji da tura fina-finai ya zuba masa, ko ya biya kuɗin minti goma a gidan gem ya zauna kusa da wanda ya girme shi da shekara goma sha biyar. Na taɓa tsayawa a bakin wani irin wannan shago, yara sun yi cincirindo a bayan masu bugawa, wasunsu da allo a hammata, ana ta shewa duk sanda aka yi wa wani kisan wulaƙanci a allon talabijin. Mai shagon ba mugu ba ne. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa lambar da ke bayyana a jikin hoton wasan tana nufin wani abu.

Saboda haka idan wata hukuma a wajenmu ta ga lokaci ya yi da za ta sa baki, kuma lokacin na zuwa, ina fatan ba za ta fara da sanarwar haramci ba, wadda za a yi ta yaɗawa kwana uku sannan a manta. Abin da ke hannunta shi ne gidan gem, domin yana da ƙofa da mai shi da takardar izini. Ana iya cewa ƙwallo da tseren mota na kowa ne, wasa mai lamba 18 kuwa ba a kunna shi sai yara sun watse. Ana iya fassara lambobin da alamominsu da Hausa a manna a bango, a yi bayaninsu a rediyo kamar yadda ake yi wa allurar rigakafi. Ba abu ne mai tsada ba, sai dai ba ya jawo kanun labarai.

Jinin ma ba shi kaɗai ne abin dubawa ba, kuma nan lambar take da rauni. Wasa na iya samun lamba ƙarama saboda babu jini a cikinsa, alhali yana buɗe wa yarinya 'yar shekara goma hira da murya da baƙon da ba ta sani ba, ko yana sayar da akwatunan sa'a, waɗanda mai saye bai san abin da ke ciki ba sai ya buɗe, da kuɗin gaske. Beljiyam ta ayyana irin waɗannan akwatuna a matsayin caca tun 2018. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa jarabar gem cikin jerin cututtuka a 2019, kuma ma'auninta shi ne yadda wasa ya cinye rayuwar mutum, ba ta tambayi launin jinin da ke ciki ba.

Google da Apple da PlayStation duk suna da wurin da uba zai kulle wasannin da suka wuce shekarun ɗansa. Amma makullin sai an kunna shi; idan ba a kunna ba, ana dogara ne da ranar haihuwar da aka rubuta lokacin buɗe asusun wayar. A yawancin gidajenmu wayar da ke hannun yaro tsohuwar wayar babansa ce ko ta yayarsa, kuma mai shagon da ya buɗe asusun tun farko shekarar da ta zo masa a kai ya rubuta don aiki ya yi sauri. A wurin Play Store, yaron nan ɗan aji huɗu na firamare mutum ne mai shekara talatin da biyar.